Baƙonku ya taɓa hawa gangaren da yake yabo?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na ranar Laraba ne ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro. Tun daga sallama har kiɗan rufewa kunnena na jikin rediyo, ina jiran abokin aikinku ya yi wa baƙon nan tambaya ɗaya tak, bai yi ba. Mutum ya baje a kujera yana cewa yanzu alhamdu lillahi duk wani sabon gini a Garwa, nan arewacin Kamaru, an yi masa gangaren da masu keken guragu za su hau, shi kuwa mai gabatarwa sai "madalla, madalla" yake yi. Madalla da me? Wallahi raina ya ɓaci, har yaron shagona ya tambaye ni ko lafiya.

Shan inna ta kama ni ina ɗan shekara uku, yau shekarata 46. Tela ne ni, da keken ɗinki na hannu nake ciyar da mutum bakwai, ban taɓa miƙa wa kowa ƙoƙon bara ba. Don haka gangaren nan na san shi fiye da baƙonku, ni da kafaɗuna nake hawansa, shi kuwa daga mota yake hango shi.

A watan Afrilun da ya wuce na je wani ofishi neman takardar haihuwar 'yata, za ta zauna jarrabawa. Kun dai san Afrilun Garwa, ƙarfen keke ma ba ya taɓuwa. Gaskiya ne akwai gangare a ƙofar, ba zan yi musu ba. Amma kai ka ce tsani aka jingina wa bango, kuma an lulluɓe shi da tayil mai santsi irin na ɗakin amarya. Na yunƙura sau biyu, keke na dawowa da ni baya. Wasu 'yan acaɓa biyu, Allah ya saka musu, suka turo ni har sama. Ina isa sai na tarar ƙofar da gangaren ya nufa a garƙame da kwaɗo, wai mai makullin ya fita. Aka ce in zagaya ta babbar ƙofa. Can kuma matakala ce, sannan wanda zai sa hannu yana saman bene.

Na sauka daga keke, na zura silifa a hannu, na yi rarrafe. Matakala ashirin da biyu, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, da farar shadda ta Juma'a a jikina, mutane na ratsa ni ta hagu da dama. Duk wannan na saba, ban ce komai ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da na kai sama ina haki, wani ma'aikaci ko fuskata bai kalla ba ya zaro dala ashirin ya jefa mini, ya ce in yi haƙuri yau ba yawa. Malam Edita, ni da na zo da kuɗin tambari a aljihuna! Na ɗauki kuɗinsa na ajiye masa a kan tebur, na miƙa takarduna. Kunya ta kama shi, amma ni na kwana da abin.

Shi ya sa da baƙonku ya yi ta maimaita "a tausaya musu, a taimaka musu" na ji kamar ma'aikacin nan ne ya sake jefo mini dala ashirin. Ba tausayi muka zo nema ba, doka ce ke akwai. Dokar Kamaru mai lamba 2010/002 ta ranar 13 ga Afrilu 2010 ta ce duk ginin da jama'a ke shiga, na gwamnati ne ko na ɗan kasuwa, a tsara shi yadda nakasasshe zai shiga ya yi hulɗarsa. Ta ce tsohon gini in an tashi yi masa babban gyara a gyara har da wannan. Ta kuma ɗaure izinin gini da cika wannan sharaɗi. Sai da muka jira shekara takwas kafin firayim minista ya sa hannu a takardar aiwatar da ita, ranar 26 ga Yuli 2018. Kafin dokar 2010 ma akwai ta 1983. Ga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu da ƙasarmu ta sa wa hannu a 2008. Takarda dai ba mu rasa ba. Ko sau ɗaya abokin aikinku bai ambaci dokar nan ba, balle ya tambaya: wa ke ba da izinin waɗannan gine-gine, kuma da wane ido yake duba zanen?

Abin kuma ba wuya gare shi ba. Ma'aunin da aka sani a duniya shi ne in tudun ya kai mita ɗaya, gangaren ya yi tsawon mita goma sha biyu aƙalla, da ƙarfen dafawa a gefe, da daɓe mai kaushi. Ƙofa ta yi faɗin santimita 90 don keke ya wuce. In ba kuɗin na'urar hawa bene, a sauko da tebur ɗaya ƙasa, shi ke nan. Buhun siminti nawa wannan zai ci? Magini ne kawai ake ce wa "ɗan zuba gangare a nan saboda masu dubawa", shi kuma ya zuba abin da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Da za a kira ɗayanmu ranar da ake zubawa a ce gwada mu gani, da an huta.

Kada kuma a ce mini babu hali. Da gasar kofin Afirka ta zo a Janairun 2022, kowa ya ga yadda aka gyara filin wasa na Rumde Ajiya a nan Garwa da titunan da baƙi za su bi. In an so ana iyawa. Mu namu rabon sai ranar 3 ga Disamba, ranar nakasassu ta duniya, a ɗinka mana anko, a jera mu a rana, a ɗauki hoto, a raba shinkafa. Ni ma na sha ɗinka ankon, ba zan ɓoye ba, ciniki ne.

Makafi ma suna da nasu kukan na lambatun da aka bari baki buɗe, kurame kuma sai su je asibiti ba mai jin maganar hannu. Masallatanmu ma ba su tsira ba, alwala ga irina sai an ɗauke ni. Amma makafi da kurame zan bari su rubuto da kansu.

Tun da na riga na ɗauki biro, wa ya ba ku shawarar mayar da shirin Hausa daidai kiran magariba? Rabin sa'ar da kuke ba mu, minti goma na tafiya a masallaci. Sannan ku gaya wa matashin nan mai karanta gaisuwa ya rage cusa Faransanci, tsofaffi a unguwarmu sun fara murɗa tasha.

Ku sake gayyato baƙon nan. Zan ara masa kekena, mu haɗu a ƙofar ofishin da ƙarfe goma sha biyu na rana, ku zo da na'urar ɗaukar magana.

Naku mai sauraro kullum,
wani tela a Garwa.