Wasiƙa zuwa ga aminina kan fitilar leza

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso ni, kuma na ga kana so in aiko wa babban ɗanka fitilar leza irin mai ƙarfin nan da ke kunna ashana. Zan aiko masa da fitila in Allah ya yarda, amma ba irin wadda ka ambata ba, kuma ina so ka ji dalilin daga bakina.

Ka san na faro wannan aiki na haɗa fitilun leza ne da ciro dayod, wato ɗan ƙaramin abin da ke fitar da hasken leza, daga tsofaffin na'urorin DVD masu rubuta faifai, waɗanda nake samu wurin masu gyaran kwamfuta a Sabon Gari. Dayod ɗin bai fi ƙwayar masara girma ba, kuma yana fitar da jan haske mai nanomita 650 (wannan awo shi ke nuna launin haske), sai dai ba ya jure wasa ko kaɗan. Idan aka haɗa shi da batir kai tsaye, ba tare da ƙaramin allon da ke daidaita masa wuta ba, nan take zai ƙone, kuma a lokacin hunturu ko wutar nan da ke taruwa a jikin mutum ta isa ta kashe shi. Dole ne a zaunar da shi cikin jan ƙarfe domin ya janye zafi, sannan a sa masa gilashin da ke tattara hasken ya zama tsinke ɗaya.

Irin wannan dayod yana iya wuce miliwat 200 (miliwat shi ne ma'aunin ƙarfin hasken), alhali a Amurka doka ta tsayar da fitilar nuni a kan miliwat 5. Ƙiftawar ido, wadda ke ɗaukar kusan rubu'in daƙiƙa, tana kare mutum ne daga fitila mara ƙarfi kawai. Mai ƙarfi kuwa, ido da kansa ne ke tattara haskenta a kan bangonsa na ciki, inda babu jijiyar jin zafi, har wurin ya ƙone yaro bai ji komai ba, kuma tabon ba ya gogewa. Ko ni ba na kunna irinta sai da tabarau na musamman.

Koriyar ma, wadda matasa suka fi so saboda yadda take ratsa ƙurar hunturu da dare, tana da nata haɗarin. A cikinta akwai dayod mai nanomita 808 wanda ido ba ya ganinsa sosai, wasu ƙananan duwatsu ne ke juya haskensa zuwa kore, kuma masu araha sau da yawa ba su da matacin da ke tare ragowar ɓoyayyen hasken. Da na sayi ma'aunin ƙarfi, na gwada wata da aka rubuta wa miliwat 5, sai na tarar ta ninka hakan sau da yawa. Tun daga ranar ba na sayar da fitilar da ban auna da hannuna ba.

Yawancin masu saye a wurina malamai ne masu nuni a kan allo. Samari sun sha yi mini tayin ninkin kuɗi a kan mai ƙarfi ina ƙi, domin ban manta yadda aka cika fuskar Mohamed Salah da koren haske a Dakar a 2022 ba, ga kuma jirage suna sauka a filin Malam Aminu Kano, sama da kawunanmu, kuma irin wannan haske yana iya ɗauke wa matuƙi ido.

Wadda zan aiko ja ce, ba ta kai miliwat 1 ba, kuma ni na haɗa ta. Ka ja masa kunne kada ya haska idon mutum, ko dabba, ko madubi. Idan ya zo hutu, zan zaunar da shi in koya masa liƙa waya da dalma.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka,
Amininka na Kano