A Koyar Da Lissafin Siffofi Da Takarda Da Almakashi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in jawo hankalin malaman lissafi na makarantun sakandare a nan Kaduna zuwa ga wata tambaya da nake ganin ta cancanci shiga aji: shin za a iya yanka murabba'i zuwa gutsattsari masu siffar alwatika, kowane da kusurwa mai digiri 90 da biyu masu digiri 45, ba tare da an samu biyu masu girma ɗaya ba?

Duk ɗalibin da aka miƙa wa takarda da almakashi zai fara ne da tsaga ta daga kusurwa zuwa kusurwa, ya samu rabi biyu. Sai ya ajiye ɗaya, ya raba ɗayan gida biyu, ya ci gaba a haka, ya samu rabi, da rubu'i, da sumuni. Amma duk inda ya tsaya, gutsattsari biyun ƙarshe za su kasance tagwaye, kuma ko ya wuni yana yanka ba zai rabu da su ba. A wannan gaɓar ce darasin yake, domin yaron ya gani da idonsa cewa rabi da rubu'i da sumuni da abin da ke biye suna matsowa kusa da ɗaya ba tare da sun cika shi ba.

Wahala ta biyu ta fi wannan zurfi. Idan gajeren gefen irin wannan alwatika santimita 10 ne, dogon gefen zai zama 14.14 da 'yan kai, wato an ninka gajeren da tushen 2, lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da 2, wadda kuma ba ta rubutuwa a matsayin cikakkiyar lamba bisa wata. Shi ya sa dole mai yankan ya daidaita alwatikan da ke tsaye da waɗanda suka karkata da digiri 45 har gefunansu su haɗu ba giɓi, aikin da masu shimfiɗa tayil suka san ba wasa ba ne.

Masana sun daɗe a kan irin wannan. A 1940 wasu ɗalibai huɗu na Jami'ar Kambirij da ke Ingila, Brooks da Smith da Stone da Tutte, sun nuna yadda dokokin wutar lantarki ke taimakawa wajen raba murabba'i zuwa ƙananan murabba'ai mabambanta, kuma a 1978 Duijvestijn ya gano da kwamfuta mafi ƙarancin gutsattsari, guda 21 a murabba'i mai gefe 112. Ita ma tambayar alwatika tana da amsa, wato ana iya yin yankan, kuma a 2000 Skinner da Smith da Tutte sun wallafa nazari a kanta.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu suna haddace ƙa'idar Faisagoras, mai danganta tsawon gefuna uku na alwatika mai kusurwar digiri 90, don jarrabawar WAEC da NECO, alhali da yawansu ba su taɓa riƙe alwatika a hannu sun auna gefenta ba. Wannan aiki ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko wutar lantarki. Tsohuwar jarida da almakashi da rula sun wadatar. Ina roƙon malamai su ware darasi ɗaya a zango domin sa, ku kuma ku buga tambayar a shafin ilimi, ku gayyaci ɗalibai su aiko da zanen amsoshinsu.

Na gode,
Wani malamin lissafi,
Tudun Wada, Kaduna