Amsa ga ɗalibar da ta ce muna rowar ilimi

Assalamu alaikum, 'yata.

Ranar baje kolin bincike kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni: tunda da kuɗin talakawa ake bincike a jami'a, don me za ta yi rajistar mallakar abin da ta gano, ta kuma sayar wa kamfani? Lokaci ya ƙure ban amsa ba. Ga amsar.

Rajistar nan ba ɓoyo ba ce. Kafin a ba mutum takardar, sai ya bayyana yadda abin ke aiki filla-filla, kuma bayan shekara 20 ya zama na kowa.

Amurka ta ɗanɗana abin da kike so. Kafin 1980 gwamnatinsu na riƙe da irin waɗannan takardu kusan 28,000 na binciken da aka yi da kuɗinta, amma waɗanda kamfanoni suka karɓi lasisinsu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Wa zai kai taki gonar da ba ta da shinge? Shi ya sa a 1980 suka yi dokar Bayh-Dole, wadda ta bar wa jami'o'i mallakar.

Inda nake tare da ke shi ne yadda ake bayar da lasisin. Jami'o'in Stanford da Kalifoniya sun buɗe fasahar haɗa ƙwayoyin halitta da masanansu Cohen da Boyer suka gano ga duk mai so. Kamfanoni fiye da 400 suka karɓa, aka samu sama da dala miliyan 250.

Mu kuwa? Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Abuja ta samar da Niprisan, maganin sikila, daga haɗin wani mai maganin gargajiya. A 2002 aka damƙa shi ga kamfani ɗaya tilo, Xechem. A 2008 kamfanin ya durƙushe, magani ya yi wuyar samu. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai sikila ya san abin da hakan ke nufi. Ni har yau abin na ci mini rai.

Don haka idan kin ji jami'armu za ta sa hannu da wani kamfani, ki sake miƙewa. Ki tambaya: in ya gaza, lasisin zai dawo hannunmu? A nawa zai sayar wa talaka? Naki binciken kuma, ki kai shi ofishin mallakar fasaha kafin ki wallafa, domin abin da ya riga ya fita a mujalla ya daina zama sabo a idon doka.

Wassalam,
Malaminki