Yadda ya dace a taimaki 'yan sandan sa-kai

Malam Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin masu hali game da 'yan sandan sa-kai, waɗanda dokar 'yan sandan Najeriya ta 2020 ta amince da su. Ba sa cikin tsarin albashin cikakkun 'yan sanda, amma su ake gani a bakin kasuwa da masallacin Juma'a suna kula da cunkoso.

Taimaka musu alheri ne, sai dai hanyar bayarwar ce ke ɓata abin. Miƙa ɗari biyar a kan titi ba sadaka ba ce. Gobe direban da bai miƙa ba shi zai sha tsayuwa. Gara a bi ta hannun DPO, wato baturen 'yan sandan yanki, tare da kwamitin hulɗar jama'a da 'yan sanda, a karɓi jerin sunayen masu fita aiki da gaske, a saye kaya maimakon raba kuɗi: rigar ruwa da takalmin roba kafin damina, rigar sanyi lokacin hunturu, tocila mai caji, usur, da riga mai sheƙi don aikin dare. A tambayi lambar takalmin kowa tukuna, in ba haka ba rabi zai ƙare a kasuwa. Kowa ya sa hannu da ya karɓa.

Kaki da baje kuwa a bar wa hukuma, domin 'yan sandan bogi da su suke samun shiga. Abin da aka fi mantawa shi ne jinya. A ware asusu a banki mai sa hannun mutum 3, kada kuɗin ya zauna a aljihun mutum ɗaya, don wanda mota ta buge a bakin aiki ya samu magani a ranar.

Naka,
Mai karatu daga Kano