Baƙin Tsuntsaye a Gaɓar Abadin

Abadin, Sikotilan,
Ƙarshen watan Nuwamba.

Zuwa ga aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da dukan mutanen Nguru, na ɗauki alƙalami ne domin in ba ka labarin abin da ya cinye mini ranakun hutu a wannan wata, wato bin tsuntsaye a bakin teku. Na san za ka yi dariya, domin kai ne shaida cewa a ƙuruciya ban san wata hulɗa da tsuntsu ba sai ta danƙo da tarko.

Kaka ta zo ƙarshe a nan. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kuma kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, har mutum yana idar da azahar ba da jimawa ba la'asar ta shigo. A cikin wannan ɗan gajeren wuni ne wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi ritaya daga aikin jiragen ruwa, ya fara ja na zuwa Girdle Ness, wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku a bakin tashar jiragen ruwan birnin, inda aka gina hasumiyar fitila tun 1833. Ba ya kallon agogo kafin mu fita, iska yake dubawa. Idan ta kwana biyu tana busowa daga gabas, sannan aka wayi gari da yayyafi da hazo, to ranar ba za a same shi a gida ba, domin irin wannan iska ce take ture ƙananan tsuntsaye daga hanyarsu, su haye Tekun Arewa a gajiye, su faɗa kan ciyayi na farko da suka gani.

A irin wannan safiya ce na ga tsuntsun da ya fi ba ni mamaki. Mun tarar da mutane kusan ashirin sun yi cirko-cirko a gaban wani ɗan kurmi, kowa da madubin hangen nesa, ba mai ko tari. Bayan kusan awa guda ƙafafuna sun daskare, sai ga wani ɗan mitsitsin abu ya fito, kore-kore, da rawayar gira da zane a tsakiyar ka, yana kaɗa fikafikai a wuri ɗaya yana tsintar ƙwari a ƙarƙashin ganye. Sunan wani masanin halittu ɗan Jamus, Pallas, aka laƙaba masa. Tsawonsa bai wuce santimita 10 ba, nauyinsa kuma bai kai giram 8 ba, amma daga dazuzzukan kudancin Saibiriya ya taso, kuma a ka'ida kudancin Sin ya kamata ya nufa domin cin sanyi. Masana suna ganin wasu daga cikin 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a shekarar ne suke juya alƙibla, su miƙe yamma maimakon gabas, su yi ta tafiya fiye da kilomita 5,000. Na tambayi dattijon ko zai koma gida, sai ya girgiza kai kawai. Gaskiya, Malam Habu, wannan ya rage mini daɗin kallon, domin abin da jama'a suke murna da shi ɓatan kai ne ga mai shi.

Akwai wasu baƙin da ba ɓata suka yi ba, yunwa ce ta koro su. Su ne waɗanda ake kira waxwing, masu tukku a ka, da baƙin kwalli a ido, da jan ɗigo a fiffike kamar an ɗiga musu narkakken kaki. A shekarar da 'ya'yan itatuwa suka yi ƙaranci a Sikandinebiya da Rasha, sai su ƙetaro garke-garke, kuma Abadin na cikin biranen da suke fara sauka, saboda an shuka itacen rowan da yawa a titunanta, mai jajayen 'ya'ya da ba su kai magarya girma ba. Wata shekarar a ga ɗaruruwa, wata kuma da ƙyar a ga goma. Ni a wurin ajiye motoci na wani kanti na gan su, sun wanke itace guda tas kafin in gama sayayya. Masu sa kai na ƙungiyar Grampian Ringing Group suna kama su su sa musu zobba masu launi a ƙafa, ta haka ake sanin inda kowane ya kai idan wani ya ɗauki hotonsa a kudancin Ingila.

Abin da ya sa na ce lallai sai na rubuto maka ya faru ne a Asabar da ta wuce. Mun yi tafiyar kusan awa guda zuwa arewa, tafkin Strathbeg, domin ganin dubban dinyoyin da suke zuwa daga Aislan suna tashi da asuba. Muna hanyar dawowa wayar dattijon ta yi ƙara, ya karkata motar cikin gaggawa zuwa wata gona, yana cewa an ga babban baƙo. Muka isa, na ɗaga madubi da zumuɗi, sai na ga balbela. Balbela dai tamu, guda ɗaya tak, tana bin shanu a cikin taɓo, ga manyan mutane sun kafa mata kyamarori masu tsadar gaske. Da ƙyar na danne dariya. Da na gaya musu cewa a garinmu kowane garken Fulani yana tafe da nasa, kuma da magariba sukan rufe itace fari fat, sai suka kewaye ni da tambayoyi kamar wani malami. Ashe sai a 2008 ta fara ƙyanƙyasa a Birtaniya, a Somerset can kudu, kuma har yanzu ba kasafai take kaiwa wannan arewaci ba.

A nan ne dattijon ya nuna mini rairayin Rattray Head, inda wata 'yar tsuntsuwar hamada, irin masu cin rani a Sahara da gefenta, ta sauka a Disamban 2012 ta zauna har sanyi ya wuce, tana kiwo a cikin ciyawar teku. Wani abin da ya burge ni shi ne ba a yarda da labarin baki kawai. Wanda ya ga baƙon da ba a saba gani ba sai ya rubuta siffarsa dalla-dalla, ya haɗa da hoto idan akwai, a miƙa wa wani kwamitin masana tsuntsaye da aka kafa tun 1959 ya tantance kafin a shigar da shi littafi.

Yanzu ga roƙona. Hunturu ya shigo muku, kuma agwagin Turai sun fara sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru. Idan ka sami sarari ka leƙa Dagona, inda aka keɓe wa tsuntsayen ruwa, ka kuma tambayi masunta da mafarauta ko wani ya taɓa samun tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa. In an samu, ka kwafo mini rubutun da lambar da ke jiki daidai yadda suke, domin dattijon ya ce zai iya gano inda aka sa shi da kuma shekarar. Ya kuma roƙi hoton balbelu a kan itace da magariba, wai abokansa ba su gama yarda da ni ba.

Ka gaida Baba da Inna da su Hajiya, ka shafa mini kan yara.

Wassalam.
Naka har kullum,
Sani