Wagner Moura, ɗan wasan Brazil da ya faro daga daɓe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ja hankalin matasan da ke sintiri a Titin Zoo suna neman shiga fim kan Wagner Moura, wanda aka haifa a birnin Salvador na Brazil a 1976. Aikin jarida ya karanta, amma a wasan daɓe ya goge kafin tashar talabijin ta Globo da ke Brazil ta ɗauke shi, horon da a ganina ya yi mana ƙaranci a Kannywood. Da zai fito a matsayin Pablo Escobar, ƙasurgumin dillalin ƙwayoyi na ƙasar Kolombiya, sai da ya tare a birnin Medellin na ƙasar ya koyi Sifaniyanci, alhali Fotugis ne harshensa. A 2025 ya lashe kyautar gwarzon jarumi a bikin finafinai na Cannes.

Naka,
Mai karatu daga Fagge, Kano