A ba murya gaba a layukan da ke haɗa ofisoshi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina so in ja hankalin 'yan kasuwarmu na Legas masu ofis a Apapa ko Ikeja da reshe a Kano, waɗanda suka karɓi layin MPLS VPN, wato keɓaɓɓen layin da ke haɗa ofisoshi, daga kamfanin sadarwa suna kiran waya ta cikinsa. Idan magana ta fara yankewa, abin da aka saba yi shi ne a sayi layi mafi faɗi. Sau da yawa asarar kuɗi ce, domin matsalar ta jerin gwano ce.

Murya ba ta cin wuri. Kira ɗaya da G.711, wani tsarin mayar da murya bayanan kwamfuta, kilobit 80 yake ci a daƙiƙa, da G.729 kuwa 24. Jira ne ba ta jurewa: ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkiri daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150. Da zarar wani ya tura babban fayil, sai ƙunshin bayanan murya ya maƙale a baya, kamar motar asibiti a cunkoson gadar Third Mainland.

Daga rautar ofis, wato na'urar da ke haɗa ofis da layin, ake fara gyara. DSCP lamba ce da ake sa wa ƙunshin bayanai don nuna fifikonsa. A sa wa murya alamar DSCP 46, wadda ake kira EF, wato a tura da gaggawa, saƙonnin haɗa kira kuma 24. A ware mata layin fifiko, amma kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na faɗin layin, don kada sauran aiki ya shaƙe.

Ga inda aka fi tuntuɓe. Kamfanin sadarwa ya sayar maka megabit 10, amma ƙofar da aka jona ka ta megabit 100 ce. Rautarka ba ta ganin cunkoso, saboda haka fifikon ba ya aiki, kamfanin kuwa yana zubar da rarar ba tare da duba ko murya ce ba. Dole a saita rautar ta riƙa sakin bayanai ƙasa kaɗan da megabit 10, a nan Legas da can Kano.

Sannan a cikin hanyar kamfanin ba DSCP ake dubawa ba, wata alamar fifiko ce mai bit 3 a lakabin MPLS da kamfanin ke liƙa wa kowane ƙunshi, galibi lamba 5 ga murya. In babu ajin murya, wato rukunin fifiko na murya, a yarjejeniyarka, suna iya goge alamarka tun daga bakin ƙofa. Don Allah kafin a sa hannu, a nemi a rubuta faɗin ajin muryar, da iyakar jinkiri, da abin da za a yi wa kiran da ya haura adadin.

Naku,
Wani injiniyan sadarwa,
Agege, Legas